Ƙoshi daban, gina jiki daban: tambayoyi da amsoshi kan abincin da muke ci a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye mata, magidanta da ɗalibai suke yawan yi idan zancen abinci ya taso, a wurin awo, a zaure ko a aji. An amsa su da abin da ke cikin tukunyarmu da kasuwarmu, domin shawarar da za ta tura mutum neman tuffa da kifin gwangwani ba ta da amfani ga gidan da ke auna gero da tiya.

Mene ne abinci, kuma me jiki yake yi da shi?

Abinci shi ne duk abin da mutum zai ci ko ya sha, ciki ya narkar da shi, jiki ya ɗebi abin da zai rayu da shi. Aiki uku yake yi. Yana ba da ƙarfin da ake noma da shi, a yi daka, a yi karatu, har numfashi da bugun zuciya na mai barci. Yana gina tsoka da ƙashi da jini, ya kuma gyara abin da ya lalace. Sannan yana kare jiki daga cuta. Magabata sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ƙarfin jan guga kashi ɗaya ne kawai daga cikin ukun.

Addini ya ƙara mana sharaɗi biyu. A Suratul Baƙara, aya ta 168, an umarci mutane su ci abin da yake halal kuma mai kyau. A Suratul A'araf, aya ta 31, aka ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Mun riƙe maganar halal da kyau, babu mai sayen naman da bai yarda da yankansa ba. Maganar “mai kyau” ce muke sakaci da ita, alhali ta haɗa da tsabtar abincin da kuma amfanin da zai yi wa wanda ya ci.

Kashi nawa abinci ya kasu?

Malaman lafiya sukan ambaci shida, amma ga mai girki ya fi sauƙi a dube su ta aikinsu. Masu ba da ƙarfi su ne gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, alkama, dankali, rogo da doya, tare da mai: man gyaɗa, manja da man shanu. Mai ya fi hatsi ƙarfi nesa, domin giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci), na sitacin hatsi kuwa 4. Masu gina jiki, waɗanda ke ɗauke da furotin, su ne wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Masu kariya su ne ganyaye da 'ya'yan itace, inda ake samun bitamin da ma'adinai: kuka, zogale, yakuwa, rama, alayyahu, lalo, tafasa, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, lemu, kankana, har da magarya, kanya, goruba da ɗinya waɗanda yara ke tsinta a daji. Sai ruwa, wanda a bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu mai buƙatar a tuna masa da shi.

Yawancin abinci ba ya tsayawa a kashi ɗaya. Gyaɗa tana da mai tana da furotin. Gero yana da sitaci, yana da ɗan furotin da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Muna cin tuwo safe da dare, yara suna ƙoshi. To me kuma ya rage?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. Ciki ba ya tantance abin da aka zuba masa. Da ya cika sai yunwa ta kwanta. Yaro zai iya tashi daga gaban kwano cikinsa ƙat, alhali jikinsa bai samu abin da zai yi jini ko ya ƙara tsawo da shi ba. Wannan yunwar ba ta sa kuka, shi ya sa ba a lura da ita sai ta yi shekaru tana aiki: yaro ya tsumbure, ya riƙa kama kowace cuta da ta gifta, ya kasa riƙe karatu, mace ta riƙa jin jiri da kasala a ce mata aiki ne ya yi yawa.

A dubi kwanon da ake ajiyewa a yawancin gidajenmu. Malmalar tuwo babba, miya tsararo a gefe, wadda ruwa ne da gishiri da magi da ɗan barbaɗin kuka. Tuwon ya yi aikinsa, ya ba da ƙarfi. Sauran ayyukan biyu a miya suke, kuma miyar babu kowa a cikinta. Don haka gyaran abincin gida daga tukunyar miya yake farawa. Miyar kukar da aka sa wa isasshiyar daddawa, da garin busasshen kifi ko dakakken wake, da cokalin mai, ta zama wani abinci daban, ko da tuwon bai canza ba. Miyar taushe ta kabewa da alayyahu da gyaɗa kusan ta haɗa komai. Dambun da aka cika da zogale, aka zuba masa ƙuli da mai, shi kaɗai ya ɗauko kashi ukun. Kwaɗon zogale ko na rama da mata ke yi da rana, wanda wasu ke ɗauka abin marmari ne, yakan fi tuwon daren amfani.

Mai yana da wani aiki da ba kowa ya sani ba. Bitamin A da ke cikin ganye da kabewa da karas ba ya shiga jiki da kyau sai da maiƙo. Ganyen da aka ci babu ɗigon mai, amfaninsa da yawa wucewa yake yi. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi, ya kuma sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa.

Nama ya fi ƙarfin aljihu. Da me za a maye gurbinsa?

An ce tuwon girma miyarsa nama, to amma jiki ba ya tambayar daga ina furotin ya fito. Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen giram 50 a rana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, haka gyaɗa. Waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa awara take da daraja fiye da kuɗinta. Ƙuli-ƙuli ya fi ɗanyar gyaɗa furotin, tunda an matse man. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6.

Furotin na hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. In aka haɗa su sai su cike wa juna. Kakanninmu sun daɗe suna yin haka ba tare da sun shiga aji ba: shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, tubani, hoce da ƙuli. Wanda ya samu ɗan sarari ya sayi ƙananan busassun kifi a daka su har da ƙaya, domin a ƙayar kalsiyam mai gina ƙashi yake. Hanta ko sau ɗaya a mako ta fi tsoka amfani ga yaro. Da damina kuma ƙwan zabi yakan yi araha a ƙauyukanmu.

Gero ko shinkafa, wanne ya fi?

Gero, in dai amfani ake magana. Ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da furotin da harza mai gyara hanji, kuma shi ne amfanin da ya yarda da ƙasarmu mai rairayi da gajeren ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, a daidai lokacin da wasu gidajen birni suka fara kallonsa a matsayin abincin ƙauye. Wannan kallon yana ba ni takaici ƙwarai.

Shinkafa ba laifi ba ce, kuma ana noma ta a fadamun Rima, daga Goronyo zuwa Wurno da Kware. Wadda aka turara kafin a cashe ta ta fi riƙe bitamin B, saboda turarin yana tura shi daga ɓawo zuwa cikin ƙwaya. Inda muke asara a gero shi ne wurin surfe. Idan aka surfa shi har ya yi fes, aka wanke aka sake wankewa, an zubar da rabo mai yawa a dusa da ƙasari, akuya ce ta ci riba. A rage surfen daidai yadda baki zai karɓa. Jiƙa hatsi ya kwana ya ɗan yi tsami, kamar yadda ake yin gasarar koko, yana taimakon jiki ya ɗebi ƙarfen da ke ciki.

Fura da nono cikakken abinci ne?

Ya kusa. Gero ya ba da ƙarfi, nono ya ba da furotin da kalsiyam, ga ruwa mai kashe ƙishirwa. Abubuwa uku ke rage masa daraja: nonon da aka tsinka da ruwa har ya zama tsala, sukarin da ake zubawa cokali bayan cokali, da ruwan da ba a san tsabtarsa ba. Madarar da za a yi kindirmo da ita a tafasa ta tukuna, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, daga dabba zuwa mutum.

Jaririna ɗan wata uku ne, ga zafin gari. Hajiya ta ce in riƙa ba shi ruwa. In ba shi?

Kada ki ba shi, amma ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi, domin tausayi ne ya sa ta faɗa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zuwa a kowane shayarwa shi ne mai kashe ƙishi. Cikin jariri ƙarami ne; ruwan da ya sha gurbin nono ya tare, kuma ta nan gudawa ke shiga. Idan zafi ya yi tsanani ke za ki ƙara shan ruwa, shi kuma ki ƙara sa shi a mama. Ƙa'idar ita ce nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2, wanda shi ne abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar a wasu gidaje, shi ne kariyar farko da jariri ke samu, a ba shi tun sa'ar farko. Zuma kuma a jira sai ya shekara. In maganar ta yi miki nauyi, ki roƙi Hajiya ta raka ki asibiti ranar rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciya.

Bayan wata shida, wane irin kunu ya dace? Kuma gaskiya ne ƙwai yana koya wa yaro sata?

Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Tarbiyya ce ke hana sata, ƙwai kuwa yana cikin mafi kyawun abin da za a ba yaron da ya wuce wata 6, a dafa shi ya nuna a murmushe masa.

Kunun da ya tsinke har ana ɗura shi ruwa ne mai launin gero. Kunun yaro ya yi kaurin da zai zauna a cokali. Ma'aikatan lafiya suna koyar da wani gari mai sauƙi: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama da kauri, a ɗiga mai, in da hali a sa garin zogale ko na kifi. Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi a nasa kwanon. Ɗan shekara ɗaya da aka zaunar a kwano guda da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Yaya ake gane tamowa?

Rama mai tsanani, haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta saki. Ko kuma kumburin ƙafafu biyu, wanda in aka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Wannan nau'in yana ruɗin iyaye su zaci ƙiba ce. Gashi yakan yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa, ya ƙi abinci. A asibiti ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani zare mai launi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya ne, gargaɗi.

Tamowa ba maita ba ce, ba kuma abin kunya ba ne da za a ɓoye yaro a ɗaka. Tana da magani: wani haɗin gyaɗa da madara da mai da bitamin a ƙaramar leda, kowace ɗaya kalori 500. An ƙidaya shi daidai da nauyin yaron, saboda haka raba shi da sauran yara ko kai shi kasuwa cire wa marar lafiya maganinsa ne. Wanda ya kumbura ko ya ƙi cin komai, kwanciya yake buƙata, a tafi a ranar.

Mu a Sakkwato mun san ƙarshen wannan hanya fiye da kowa. A garin nan ne asibitin yara masu cutar noma yake tun 1999, cutar da ke farawa da ɗan gyambo a dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki, kuma yaran da tamowa ta raunana ta fi kamawa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yaro ramamme mai warin baki da dasashi mai jini kada ya kwana a gida.

Mai ciki da mai jego fa? Ina matsayin kunun kanwa?

Mai ciki jini take haɗa wa mutum biyu, shi ya sa ake ba ta ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo, kuma a sha su har ƙarshe. Tsoron kada ɗa ya yi girma ya sa wasu ke rage ci. Abin da hakan ke haifarwa shi ne uwa marar jini da jariri marar nauyi. Ta ƙara ci ɗaya a kan na kullum. Wake, ganye, hanta kaɗan, kifi da nama suna ƙara jini, kuma ɗan tsami mai bitamin C, kamar lemu, tumatir ko garin 'ya'yan kuka, yana taimakon ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya shiga. Shayi akasin haka yake yi, a raba shi da abinci da kamar sa'a guda.

Kunun mai jego abu ne mai kyau, kanwar ce matsala. Tana ɗauke da sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, kuma likitocin Sakkwato ma suna ganinsa. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta nama da romo. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta. Ko a girkin yau da kullum, kanwar da ake jefawa a wake don ya yi saurin nuna tana kashe wani ɓangare na bitamin B. Jiƙa waken tun dare ya fi.

Gishiri, magi da sukari, nawa ne ya yi yawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a magi da burodi da yajin tsire. Magi kansa mafi yawansa gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule da yawa sannan aka bi da gishiri, hanyar hawan jini ce. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da kanumfari suna ba da ɗanɗano, kuma albasa dai ba mu rasa ta ba a jihar nan. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin, wanda dokar Nijeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990 saboda maƙoƙo da lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai. Man girki da sukari da fulawa na kamfani kuma a duba tambarin ido a jikinsu, alamar an sa bitamin A.

Sukari kada ya wuce wajen giram 50 a rana, kusan ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya ta kusa cinye wannan adadin. Zoɓo da kunun zaƙi na gida ma in aka cika musu sukari sun koma layi ɗaya da ita.

Mai ciwon suga sai tuwon alkama kawai?

A'a. Alkama ma sitaci ce. Abin dubawa shi ne girman malmala. A rage tuwon, a yawaita miyar ganye da wake, a bar lemun kwalba da fura mai sukari, a ci gaba da maganin da likita ya rubuta.

Da damina rumbu yakan yi ƙasa, abinci ya yi tsada. Me gida zai tanada?

Daga Yuni zuwa Agusta ne aiki ya fi yawa, hatsi ya fi ƙaranci, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka fi kama yara, kuma a lokacin ne cibiyoyin tamowa ke cika. Shiri daga kaka yake farawa. Kada a sayar da wake da gyaɗa duka a bar gero kaɗai. A ware na miya kamar yadda ake ware iri. Ganyen zogale, kuka, yakuwa da rama a shanya su a inuwa, domin rana tana cinye bitamin A, alamar kuwa ita ce ganyen ya koma fari-fari. Bishiyar zogale biyu a bayan ɗaki, ana ba su ruwan wanke-wanke marar sabulu, suna ciyar da tukunya har rani. In gudawa ta kama yaro a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a nemi ƙwayar zinki a asibiti, kuma kada a daina ba shi abinci ko nono.

A kula da ajiya. Gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba sukan yi fumfuna, kuma wannan fumfunar tana fitar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ta kawo sankararta, ta kuma hana yara girma. Wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an dafa. A shanya amfani a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, a tsince duk ƙwayar da ta motse, ta yi baƙi ko take ɗaci. Abin da aka tsince kada a mayar da shi ƙuli, kada kuma a zuba wa saniya ko akuyar da ake tatsa, domin gubar tana fitowa a nono.